Kwalbar Malam da Randar Gidanku

Na ji ku, masu ƙorafi. Wai kun kai yaro firamare don ya zama likita, sai ga shi ya dawo yana neman kwalba, malam ya ce gobe kowa ya zo da talibambam. "Kiwon kwaɗi muka kai shi?" in ji Alhaji. Allah ya huci zuciyar Alhaji. Amma ba kai ne bara ka rantse mana cewa kwaɗi daga sama suke faɗowa tare da ruwan farko ba? To ɗanka ya gani da idonsa: ƙwai ne cikin kududdufi, sai abu mai wutsiya kamar kifi, ƙafafun baya su fara fitowa kafin na gaba, wutsiya ta shanye. Ranar da zai yi maka gyara a gaban baƙi, ba ruwana.

Hajiya kuwa dariya take yi, wai ilimin banza. Alhali ita ce ke sa wa kaza ƙwan zabo, ta kuma san na kaza kwana 21 ne, na zabo sai ya kusa 28. Darasin ke nan, Hajiya, alli kawai kika rasa.

Inda abin ya daina zama wasa shi ne bakin randa. 'Yan tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil da kuke tacewa da gefen mayafi kuna cewa dattin ruwa ne, 'ya'yan sauro ne. Malam ya ɗebo su a kwalba, ya ɗaure bakin da yankin gidan sauro, ya ajiye a taga. Kafin mako biyu yara suka tarar da sauro na shawagi a ciki, aji ya kaure da ihu. Tun 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin sauro, can Indiya, amma har gobe wasunku ɗanyen mangwaro suke zargi. Mangwaro ya sha ƙazafi, bawan Allah.

Kai ma mai babbar riga da kake taɓe baki, zaren tsamiyar da aka yi maka aikin wuya da shi tsutsa ce ta saƙa. Ka sha ado da gidan tsutsa, ka hana yaro kallonta?

Idan ya dawo yana kifar da tsohuwar taya da gwangwanayen bayan ɗaki, kada ku ce ya yi ɓarna. Ku ba shi kwalbar kawai, ku kuma rufe randar nan.