Kukan Tayar Baya Ma Jawabi Ne

Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. To, Malam mai mota, kukan tayarka ta baya ma jawabi ne, kuma ga dukkan alamu unguwa duka ta ji shi, kai kaɗai ka rage. Maƙwabta sun daina tambayar wa ya dawo, tun daga kwanar masallaci suke shaida ka. Yaran gida ma sun bar cewa "ga Baba nan", sai dai su haɗa baki su yi "tsiit, tsiit" su ruga buɗe ƙofa. Tunda abin ya kai haka, gyara zama mu bi shi daki-daki.

Fara da kashe rediyo. Ƙara muryar rediyo shi ne gyaran motar da ya fi kowanne farin jini a ƙasar nan, don ba ya son sifana, ba ya son bakanike, ba ya cin ko sisi. Illarsa ɗaya ce: kai ka daina ji, ƙarfe kuwa bai daina cin ɗan'uwansa ba. Kashe na'urar sanyi ma, ka sauke gilasai.

Kafin ka ɗora wa taya laifi, buɗe but. An sha zargin taya alhali jak ne ke yawo ba a ɗaure shi ba, ko jarkoki biyu na roba ke gugar juna, ko kular abincin da aka manta da ita tun bikin wancan watan. In kuwa daga ƙauye ka taso, ɗaga kwalaye ka duba da kyau, don Gwaggo takan jefa wa mutum 'yan tsaki a mota ba ta faɗa masa ba, wai kada ya ce ya gode ya bari. Ka kwashe komai, sannan ka ɗauko sifanar taya ka gwada kowane noti ɗaya bayan ɗaya, musamman idan kwanan nan ka je wurin mai faci. Wannan ba wurin dariya ba ne. Noti in ya saki yakan fara da ƙas-ƙas, ƙarshensa kuma taya ce ke wuce mai ita a kan titi.

Yanzu kana bukatar shaida, wanda zai zauna a kujerar baya ya kasa kunne. Mutum ɗaya tak. In ka kuskura ka ɗebo mutum uku daga majalisa, za ku dawo da cuta huɗu: wannan ya ce giya ce, wancan ya ce salansa, na uku ya rantse irin wannan kukan motar surukinsa ta yi kafin injinta ya buga, sannan su haɗu su yi ittifaƙi cewa akwai hannun maƙiya. Yaro ɗan shekara goma ya fi su duka, kunnensa sabo ne kuma bai taɓa sayar da mota ba balle ya yi ra'ayi. Ka samu layi mai shiru da ke da doguwar katanga, irin ta makaranta bayan an tashi. Katanga tana maido da sauti, har ka ji abin da iska ke sacewa a fili. Ka wuce ta da gefen dama, ka juyo ka wuce ta da gefen hagu, kada gudunka ya haura kilomita 20 zuwa 30 a awa. Gefen da kukan ya fi tashi, nan mai laifin yake. Shaida ya zauna a ciki, ba a leƙo kai ta taga, ba a kuma bin mota da gudu a ƙasa ana duƙawa.

Abin da za ka lura da shi shi ne lokacin da kukan ke zuwa. Idan yana bin juyawar taya, wato ka ƙara gudu ya ƙara sauri, ka rage ya rage, to abin da ke juyawa ne: birki, ko boris, ko ita tayar. Idan kuwa a kan kwalta mai santsi shiru yake, sai ka faɗa rami ko ka hau gargada ya tashi, wannan na ƙafar mota ne, za mu zo kansa.

Mafi yawan lokuta birki ne, saboda haka a nan za mu daɗe. Durƙusa ka leƙa ta ramukan wili. Idan ka hango faifan ƙarfe mai sheƙi, motarka mai diski ce a baya. Idan baƙin ƙarfe rufaffe ka gani, durom ne, irin wanda ke bayan yawancin Corolla na 2003 zuwa 2008 da ƙananan Golf 3 da suka cika tashoshinmu.

Mai diski, ga albishir. A jikin fad ɗin birki da yawa akwai wani ɗan siririn harshen ƙarfe, lanƙwasasshe, bai fi farcen hannu ba. Masu ƙerawa ne suka maƙala shi da gangan. Sabon fad kaurinsa yakan kai wajen milimita 10. Yana cinyewa, yana cinyewa, har ya saura milimita 2 zuwa 3, a nan ne harshen nan zai taɓo faifan ya fara tsiwa. Aikinsa ke nan, don shi aka ɗauke shi: ya dame ka har ka je gareji. Sau da yawa za ka ji kukan kana cikin tafiya, da ka ɗan taɓa birki sai ya ɗauke ko ya canza murya. In ka ji haka, ka gode wa Allah, kuɗin fad kawai za ka kashe. In ka yi masa kunnen uwar shegu, wata rana tsiwar za ta koma gurza mai kauri, ƙarfe a kan ƙarfe, faifan ya yi kwari-kwari, shi ma sai an canza. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Akwai kuma kukan da ba ya cin kuɗi ko kaɗan. Ruwan sama ya kwana yana zuba, ko ka kai wanki da yamma ka ajiye, da safe ka ja sai ka ji ƙiii. Tsatsa ce ta kwanta a fuskar faifan cikin dare. Taka birki sau uku ko huɗu zai share ta. In ya ɗauke bai dawo ba, kama gabanka.

Wanda ya fi kowa tayar da hankali kuwa shi ya fi kowa ƙanƙanta. A bayan faifan birki akwai wani farantin kwano siriri da ke kare shi daga ƙura da taɓo, tsakaninsu ɗan taƙi ne. Ka bi hanyar burji ko inda ake zuba sabuwar kwalta, sai tsakuwa guda, ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, ta tsallaka ta maƙale a nan. Ihun da za ta sa motar ta yi, sai mai shayi ya ajiye buta ya juyo. Fasinja ya fara salati, direba ya fara lissafin kuɗin sabuwar mota. Wani lokaci ja da baya kaɗan ka taka birki ya ishe ta faɗuwa. In ta ƙi, a cire taya a ɗan tura farantin baya da sukundireba, za ka ji ta faɗo ƙasa, tik. Shi kansa farantin yakan lanƙwashe ya riƙa shafar faifan, a gyara shi da yatsa. Ka ɗauki tsakuwar ka kai gida, iyali suna da haƙƙin ganin wadda ta hana su barci.

Mai durom, kai abokin gabarka ƙura ce. Durom rufaffe ne, garin da layinin birki ke zubarwa ba ya samun hanyar fita, hunturu kuma ya ƙara masa nasa. Sifirin ɗin da ke maido da layinin yakan gaji, wuraren da layinin ke zamewa a jikin farantin baya sukan bushe. Ga gwaji mai sauƙi: a filin da babu kowa, kana tafiya a hankali, ka danna maɓallin birkin hannu ka riƙe, ka ɗan ɗaga shi kaɗan ka mayar. Idan kukan ya canza ko ya tsaya, ka kama ɓarawo, yana cikin birkin baya. Wayar birkin hannun ma takan cije ta ƙi saki gaba ɗaya. Masu motar zamani da birkin hannunsu maɓallin lantarki ne, ku bar wannan gwajin. Sannan, tsakaninmu, duba ko ka sauke birkin hannun har ƙasa. Akwai masu fita daga Zariya su kusa Kaduna suna mamakin yadda mota ta yi nauyi yau, ga wata jar fitila na ta kallonsu a gaban sitiyari.

Bayan ka yi tafiyar minti 10 ko 15 ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya ka kai bayan hannunka kusa da kowace tayar baya. Kusa na ce, kada ka taɓa faifai, yana iya cin fatar yatsa. Idan ɗaya ta fi ɗaya zafi sosai, ga ƙauri yana tashi, birkin wannan gefen ya riƙe. A masu diski galibi kalifa ce, ƙusoshin da take zamewa a kansu sun bushe ko sun yi tsatsa. Kada ka watsa ruwa, bar shi ya huce da kansa. Irin wannan motar man fetur ma takan sha fiye da ƙa'ida, don kullum tana jan ƙafa ɗaya.

Sai boris, wanda shi ne babba a gidan. Shi ba ya yawan tsiwa, ruri yake yi, kamar injin niƙa da ake jiyowa daga bayan unguwa, kuma yana ƙaruwa da gudu. A hanyar da ba cunkoso ka ɗan karkata sitiyari hagu, ka dawo dama, a hankali. In ka karya hagu nauyin mota yana komawa dama, saboda haka idan rurin ya ƙaru a lokacin, galibi boris ɗin dama ne. Don ka tabbatar, samu wuri mai daidai, sa mota a giya, tare tayoyin gaba da duwatsu, ɗaga bayan da jak, ka tallafe da ƙafar ƙarfe ko katako mai kauri, sannan ka sauke birkin hannu. Jak shi kaɗai ba abin da za a ba amanar rai ba ne, kada kowa ya sa kai ƙarƙashi. Kama tayar sama da ƙasa ka jijjiga. In tana gwaf-gwaf, akwai magana. Juya ta da hannu ka saurara, lafiyayyen boris ba ya cewa uffan. Irin na tsofaffin Golf ana buɗe shi a wanke, a cika giris, a daidaita ɗaurinsa. Na yawancin sababbin motoci rufaffe yake zuwa, sai dai a canza shi ɗungurungum. Ramuka da kutsawa cikin ruwan damina da lodi su ke kashe shi, kuma in ya ƙarasa mutuwa yana iya ƙame taya ana tsaka da gudu.

Tunda an ambaci lodi: idan kukan ba ya zuwa sai ranar da ka ɗora buhu huɗu na masara da mutum shida da akuya, leƙa cikin madigadi. In ka ga inda taya ta goge ya yi sumul, motar ba ta da ciwo, kai ne ka zalunce ta.

Kukan da ke tashi a ramuka kuwa ba ya bukatar tafiya. Tsaya a bayan mota ka danna kusurwar but da ƙarfi ka saki. In ta yi ƙiiƙii tana tsaye, robobin ƙafa ne, wato bushin, suka bushe ko suka tsage, ko kuma shokazoba ce, wadda za ka ga mai ya jiƙa jikinta in ta mutu. Masu Hilux da Hayis su duba tsakanin ganyen sifirin. Watsa wa robar da kake zargi ruwa ka sake dannawa, in ta yi shiru na ɗan lokaci, ita ce. Kada a shafa mata baƙin mai, yana lalata roba.

Shi baƙin man nan, da giris, haramun ne su taɓa fuskar fad ko faifai ko cikin durom. Za a samu mai ba ka shawarar a ɗan ɗiga don kukan ya tsaya. Zai tsaya kuwa, motar ce ba za ta ƙara tsayawa ba. Haka nan in an buɗe durom, kada ka bar yaron gareji ya hure ƙurar da baki ko da iskar famfo. Wasu layinin birki, musamman tsofaffi da masu arha, akwai sinadarin asbestos a cikinsu, wanda ke yi wa huhu illar da ba ta bayyana sai bayan shekaru. A jiƙa tsumma a goge. Yaron nan ɗan wani ne.

Ranar zuwa gareji ka shirya wa abu guda: da zarar mota ta hango bakanike takan yi tsit. Kada ka tsaya rantse-rantse. Ce masa, "Oga, shigo mu zaga." In ta ƙi yi, kai ka yi masa kukan da bakinka, ba kunya, alhazai da manyan hajiyoyi sun yi kafin kai. Sannan ka zayyana masa abin da ka gano: gefen dama ne, yana bin gudu, yana ɗaukewa in an taɓa birki, tayar ba ta zafi. Bakanike na ƙwarai yana jin daɗin mai irin wannan bayani, wanda ke shirin cewa "Alhaji, ai ƙafar nan duk sai an sauke" kuma zai sake lissafi. Ka nemi a nuna maka abin da aka cire. Fad ko layinin birki hagu da dama ake canza su tare, kuma sabo fil ake saye ba na hannu ba. In da kanka za ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka, tafi da tsohon a leda a gwada. Bayan an ɗaura, ka taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin mota ta motsa daga inda take.

Tsiwar safe da tsakuwa da bushin za su iya jiran ƙarshen mako. Amma in taya tana rawa, ko tana zafi da ƙauri, ko birki ya fara nutsewa ƙarƙashin ƙafarka, don Allah kada ka ɗebi iyali ka hau babbar hanya. Ajiye ta, ku shiga ta haya, gobe da sassafe a kira bakanike.