Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sabon Ƙwan Danja

Bayan taya ka murnar hawa wannan muƙami a bayan motata ta ɓangaren hagu, amma ba'adu, na ga ya wajaba in rubuto maka wannan takarda tun kana sabon shiga, domin ka san tarihin wanda ka gada da irin wahalar da aka sha kafin a zaunar da kai, kada wata rana ka zaci sarautar daga sama ta faɗo maka.

Magabacinka ya shekara da shekaru yana hidima ban taɓa ganinsa a bakin aiki ba ko sau ɗaya, gama hikimar maƙera ta hukunta ni in zauna gaba shi ya zauna baya, yana yi wa masu bina gargaɗi alhali ni ban san abin da yake faɗa musu ba. Haka ajali ya riske shi ban ji labari ba. Allah kaɗai Ya san makonnin da na yi ina ratsa gari da ido ɗaya, ina tsaki ina aibata masu motocin da danjarsu ta mutu, da ma gwano ba ya jin warin jikinsa, har wani dare bayan isha'i wani mai babur ya sha gabana a mararraba, ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, wallahi na ɗauka babur ne irin nawa, saura ƙiris in shige ta gefen da babu wuta."

Washegari, bisa son tattalin abin da za a ba mai rewaya, na ƙudura niyyar yin aikin da hannuna. Na buɗe but, na yaye shimfiɗar da ta rufe bayan fitila, na sa sifana lamba 10 na kwance notina, ɗaya daga cikinsu ya suɓuce ya faɗa wani rami a jikin mota inda hannun ɗan Adam ba ya kaiwa, kuma har yau yana can yana yi mini tasbihi duk sa'ad da na shiga gargada. Da na danna marigayin ciki kaɗan, na murɗa shi hagu, sai ga shi a tafin hannuna, gilashinsa ya yi baƙi ƙirin kamar fitilar ƙwai da ta kwana tana hayaƙi. Wannan baƙi jikinsa ne da kansa, domin zaren da ke cikinku na ƙarfen tangistin ne, wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 3,400, amma yau da gobe yana tashi kaɗan-kaɗan yana manne wa gilashi, har ya sirance ya tsinke.

Na naɗe gawar a hankici na nufi kasuwar Ƙofar Ruwa. Yaron shago, wanda bai kai ɗana na fari ba, ya dube ni ya ce, "Alhaji, mai zare ɗaya ko mai zare biyu?" Nan na tabbata akwai babin ilmi da ban karanta ba. Ashe zaruruwa biyu ne a cikinka, kamar kishiyoyi a ɗaki guda: ƙaramin mai wat 5, shi ne nafila, yana ci a hankali muddin an kunna fitilun dare, babban mai wat 21, shi ne farilla, ba ya tashi sai an taka birki, kuma shi ne ke tsakanin bayan motata da hancin tirela.

To, ga inda nake da ƙara a kanka. Da na dawo gida na nemi in zaunar da kai, ka ƙi murɗuwa, ni kuwa na ɗauki abin taurin kai ne irin na sababbin ma'aikata, na yi maka ta ƙarfi har ka shiga. Da yake mas'alar birki ba ta tabbata sai da mutum biyu, mai takawa da mai shaida, na kunna fitilun dare, na ɗora ƙaramin ɗana a kujerar direba, ƙafarsa da ƙyar take kaiwa. "Baba, na taka!" Ban ga wani canji ba. "Baba, na saki!" Kana nan jajir kamar garwashi. Ashe na mai da nafila farilla, farilla nafila, don 'yan ƙusoshin nan biyu da ke gindinka ba a jere suke ba, ɗaya ya ɗara ɗaya bisa, da gangan aka yi su haka don kada jahili irina ya sa ka a baibai. Uwargida, wadda ta tsaya a bakin zaure tana kallo tun farko, ta ce, "Malam, mai rewayan nan dai yana nan bakin titi." Ban tanka mata ba. Na fitar da kai, na kankare koren tsatsar da na tarar a mazauninka da sanfefa, na juya ka, sai ka zauna lafiya lau ba gardama.

Abin da nake roƙo gare ka guda ne. Dubi 'yar'uwarka sigina: in ƙwanta ɗaya ya ƙone, wanda ya rage sai ya shiga ƙifta ido da sauri kamar mai neman agaji, har direba ya farga. Ku kuwa 'yan danja kuna mutuwa shiru, babu wasiyya, babu sallama. In ka ji alamar rauni, ka yi wa Allah ka nemi hanyar sanar da ni kafin masu babur su riga ka.

Ni ma na ɗaukar wa kaina sharaɗi: kowane daren Juma'a zan yi ribas zuwa bangon gida, in taka birki, in duba madubi in ƙirga ja biyu a jikin katanga. Ka kuma sani biyu na sayo ku, tagwayenka na nan cikin aljihun gaban mota, a naɗe da tsumma, yana jiran gado.

Wassalam. Ni ne mai motar da kake tsaron bayanta.