Zago Ya Ci Igiyar Zago

Ni dai na ɗora wa wayar hannu laifin, uwargida kuma ta ce zaman banza ne. Wata Juma'a da dare ina kishingiɗe a gidana a Birnin Kebbi, sai ga bidiyon wasu Turawa suna nutso a teku da wata bindiga mai roba irin ta danƙon harbin tsuntsu, tana cilla mashi ɗaure da igiya. Na ce wa uwargida wannan ai tsohon yayi ne, kakannina da zago suka yi suna a gulbin nan namu. Ta ce, "To jikan masu zago, shekara goma sha biyu da aurenmu, duk kifin da ka taɓa kawowa a leda yake zuwa." Washegari na kama hanyar Argungu, tafiyar kusan kilomita 50, ko karyawa ban yi ba.

Baƙi sun san Argungu da Matan Fada, da bikin kamun kifin da ake dangantawa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Amma can homa da gora ake shiga da su. Dubban mutane a ruwa kafaɗa da kafaɗa, wa zai bar ka ka ɗaga mashi? Zago aikin shiru ne, na mutum biyu cikin jirgi. Kan ƙarfe ne mai ƙaya a bakin doguwar sanda. Da ya shiga jikin kifi sai ya rabu da sandar, abin da ya rage tsakaninka da rabonka igiya ce kawai.

Da na isa, Kawu ya sauko da zagon mahaifinsa daga rufin ɗaki. Ƙarfen lafiya lau. Igiyar ramar kuwa, ina taɓa ta sai ta zube kamar garin tuwo: ɗayan zagon, ɗan uwan gara, ya riga ni zuwa. Ban damu ba, don na zo da shirina. Kafin in fito na kwance igiyar shanyar uwargida, shuɗiya ta roba, na jefa bayan mota.

Kawu bai ko dube ta da ido ba. Jan ta ya yi ta yi tsakanin yatsunsa, kamu bayan kamu, sannan ya nuna mini farin garin da ta bar masa. Ya ce, "Ɗana, wagga igiya ta mutu tun bara, sutura dai ba a yi mata ba." Rana, in ji shi, dafa igiyar roba take yi, shi ya sa ba ya shanya tasa sai a inuwa, bayan ya ɗauraye ta, domin yashin da ya maƙale tsakanin zare zarto ne mai aiki daga ciki. Sai ya ɗora ɗan yatsa a zoben ƙarfen inda ake ɗaurin, ya ce igiya ba ta cika katsewa a tsakiya ba, a nan take cin kanta. Shi yakan goge bakin zoben da magagari har ya yi sumul, ya naɗe wurin da fata ko guntun tib ɗin keke, in an fita 'yan lokuta ya yanke kamu guda ya sake ɗauri, ya ƙona bakin da ashana kada ya warware.

Na ce, "Kawu, wannan fa ta kamfani ce. Da irinta ake ɗaure buhuna a kan tirela." Ya ce Allah ya ba da sa'a. Duk wanda ya san tsofaffin Kabi ya san wannan addu'ar ba ta alheri kaɗai ba ce.

Da asubahin Lahadi ɗansa, taubashina, ya tuƙa ni cikin fadama, nesa da Matan Fada da aka hana kamun kifi a cikinta. Jifan farko na soki ciyawa. Na biyu na soki wata ciyawar. Na uku taubashi ya roƙe ni in riƙa faɗa kafin in jefa, ya samu ya sunkuya. A na huɗu kuwa, abin da har gobe ban gane ba, na samu tarwaɗa, ƙatuwa kamar cinyar sa. Ta ja, na ja. Na naɗe igiya a hannu, na kafa ƙafa a gefen jirgi, na jingina baya da dukan nauyin ma'aikacin da ya shekara ashirin kan kujera, ina ihu, "A kira Kawu!"

Tas!

Sama na fara gani, sannan tafin ƙafafuna, sannan gulbi. Na yi salati, na yi kalimar shahada, na fara yafe wa masu bashina da ƙarfi. Taubashi ya bari sai da na yafe masa dubu biyar ɗin da nake binsa, sannan ya ce, "Ɗan boko, miƙe tsaye mana." Ruwan iya cibiya.

Kawu ya karɓi guntuwar igiyar ya duba bakinta. A zobe ta katse, daidai inda ya sa yatsa. Ƙarfen da ya girme ni kuwa ya tafi yawon gulbi a bayan tarwaɗa. Bai yi faɗa ba. Ya dai aike ni wurin maƙeri da kuɗina, ya kuma zaunar da ni a gindin bedi ina tufkar rama har la'asar, yara suna leƙe.

A hanyar komawa na tsaya na sayi tarwaɗa mafi girma a kasuwa, na yar da ledar tun kafin in shiga gari. Na tarar da wankin gida a baje kan katanga. Uwargida ta karɓi kifin, ta juya shi ciki da baya tana neman wurin sara, ba ta ce komai ba. Can na jiyo ta daga madafa: "Maigida, ashe zagon naku ƙugiya yake bari a bakin kifi? Af, ina igiyata?"