Neman Magajin Bobi

Tun da karenmu Bobi ya mutu, ɓarayin kaji suka mai da gidanmu kasuwa. Dole na fita neman magajinsa. Wani ya nuna min karen Jamus, irin na 'yan sanda, wai nama da madara yake ci. Ni da ba na ganin nama sai da Sallah! Wani ya kawo Azawak, siririn karen Buzaye, haƙarƙari duk a waje kamar ya shekara yana azumi. Wai haka halittarsa take.

An ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Na karɓo ɗan kwikwiyon maƙwabta kyauta, ƙanzo yake ci ba gardama. Jiya ya yi haushinsa na farko, kuma ni ya yi wa.