Maigida, Wuƙa da Firijin da Ya Ƙi Sanyi

Aikin firiji shi ne kwashe zafin da ke cikin akwatinsa ya zubar a waje, kuma rashin sanin wannan ƙa'ida ne tushen yawancin abin da ke samun magidanta a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri kan haura digiri 40, zoɓon uwargida kuma ya ƙi daskarewa. Mai ɗaukar zafin wani sinadari ne da jama'a ke kira gas, wanda kwamfuresa, wato baƙin injin nan mai gurnani a gindin firiji ta baya, ke turawa yana zagaye cikin siraran bututu. Da yake bututun a rufe yake ruf, gas ɗin ba ya cinyewa kamar na girki, sai fa in ya sami kafar tsiyaya. Duk da haka, hukuncin farko da maigida kan yanke, tun bai kai ga sunkuyawa ba, shi ne gas ya ƙare.

Bincikensa kan fara da mari biyu a haƙarƙarin firijin, sannan ya murɗa maɓallin daidaita sanyi zuwa lamba 1, bisa zaton ƙaramar lamba ita ce tsananin sanyi, alhali a yawancin firiji babbar lamba ce mai sanyin. Daga nan sai ya tara yara ya tuhume su da yawan buɗe ƙofa, tuhumar da, a yi adalci, ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Abin da ba ya dubawa shi ne ragar ƙarfen da ke bayan firijin, wadda ta nan ne zafi ke fita, wadda kuma ƙurar hunturun bara da ta bana suka lulluɓe, ga shi an manna ta da bango don a sami wurin ajiye buhun shinkafa. Haka nan ba ya lura da ƙarar ƙyas da ke fitowa bayan kowane 'yan mintoci, wadda sau da yawa ke nuna kwamfuresa na yunƙurin tashi yana kasawa, ko don wutar da aka kawo ta gaza volt 230 da nisa, ko don ɗan abin tayar da shi ya ƙone.

Mafi araha cikin dukkan laifuffukan shi ne na robar ƙofa. Idan ta saki, iska mai ɗumi da laima takan riƙa shiga tana daskarewa a jikin farantin firiza, har ƙanƙara ta yi kauri ta tare sanyin, firizar da ya kamata ta tsaya a digiri 18 ƙasa da sifili ta koma wurin jiƙa nama. Gwajinta ba ya cin ko sisi: a rufe ƙofa a kan takardar kuɗi a ja, in ta zare ba gardama, roba ta gaji. Maganin ƙanƙarar kuwa shi ne a zare soket, a bar ƙofa a buɗe, a ajiye kwanon ruwan ɗumi a ciki, a jira. Jiran ne maigida ba ya iyawa, musamman da uwargida ke tsaye a kansa tana cewa, "Malam, da dai an kira mai gyara."

A nan ne wuƙar yanka albasa ke shiga tarihi. Farantin firiza na sanholo ne mai laushi, hanyoyin gas kuma a cikin jikinsa suke, don haka sara na farko da na biyu kan ɓamɓaro ƙanƙara su ƙara wa mai saran ƙarfin gwiwa, na uku kuwa sai a ji wani siririn tsaki mai tsawo, wanda maigida kan yi ƙoƙarin toshewa da babban yatsa yana salati. Tsofaffin firiji suna ɗauke da gas mai suna R12, wanda aka daina ƙerawa sakamakon Yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin samaniya, na bayansu R134a, sababbi da yawa kuma R600a, wanda ke kama wuta, abin da ya sa leƙa ɓarnar da kyandir, in an ɗauke wuta, ke iya mayar da matsalar firiji ta zama matsalar gemu.

Mai gyara kan iso washegari, bayan an soye naman da ya narke an raba wa maƙwabta ba don niyyar sadaka ba. Yakan taɓa farantin, ya dubi wuƙar da aka manta ba a ɓoye ba, sannan cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, gas ne ya ƙare," maigida kuwa ya juya ya dubi uwargida duban wanda tun jiya ya faɗa aka ƙi ji. Kuɗin aikin ya haɗa da like hujin ko sauya farantin ɗungurungum, da zuƙe iska da laimar da suka shiga bututu, da ɗura sabon gas. Sai mai gyaran ya karɓi kuɗinsa ya kai bakin zaure, sannan ya waiwayo ya ce robar ƙofar ma tana son canji, amma wannan lissafinta daban ne.