Masu Kisa da Baki

Da zarar gero ya shiga rumbu, riɗi ya shiga buhu, kuɗi ya ɗan zauna a aljihu, sai ka fara jin kalangu da dare daga bayan gari. Daga Gumel har Gagarawa kowa ya san dambe ya sauka. Ƙa'idarsa ba wuya: hannu ɗaya a naɗe da zare, ɗaya a buɗe yana tsaro, turmi uku, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Mutum biyu ke wannan aiki. Sauran jama'ar da suka kewaye fili kuwa, kowa da irin damben da ya zo yi.

Babbansu shi ne Malam Na-Faɗa. Kafin a sa zare ba ya cewa uffan, sai gyaɗa kai da cin goro. Ana yin kisa zai dafa kafaɗarka: "Ban gaya maka ba?" Bai gaya maka ba. In ɗan Kudu ne ya faɗi, tun shigowarsa ya ga ƙafarsa na rawa. In ɗan Arewa ne, ai tun a wurin kirari muryarsa ta nuna. In aka tashi turmi uku babu kisa, to wannan ma ya sani, don yaran yanzu tsoron juna suke ji. Shekara da shekaru bai taɓa kuskure ba, kuma bai taɓa yarda ya sa ko naira hamsin a kan iliminsa ba.

Kusa da shi akwai masanin asiri. A wurinsa babu naushin da ya taɓa kayar da mutum. Wanda ya faɗi, an karya masa laya ne, ko ya tsallaka abin da aka binne a bakin fili. Ka ce, "Malam, da idona na ga hannu ya sauka a haƙarƙari," ya yi maka murmushin tausayi ya ce, "Yaro, abin da aka nuna maka ka gani." Zai rage murya ya gaya maka ƙauyen da aka haɗa aikin, can wajen Sule Tankarkar, kuma da ikon Allah malamin ƙanin mahaifiyarsa ne, yana iya kai ka.

Sai Baba da ya ga Shago. Duk ɗan damben da ya shigo, daga ƙanana har irin su Ali Ƙanin Bello da Dogo Mai Takwasara, a wurinsa wasan yara ne. Shi yana wurin lokacin da Ɗan Anace ke zuga Shago, yana wurin ranar da aka gwabza da Ɗandunawa. In ka lissafa shekarunsa a hankali za ka tarar a lokacin yana goye, amma wa zai yi wa mai furfura lissafi?

Daren Alhamis, bayan kasuwar Maigatari ta watse, wasu baƙi biyu kan ƙaru. Na farko dillalin shanu ne da ciniki ya yi wa kyau. Zai shiga fili da babbar riga, ya ɗaga damin kuɗi sama kowa ya gani, ya liƙa wa makaɗi 'yan ɗari-ɗari guda uku a goshi, ya mayar da damin aljihu yana jiran a wasa kakanninsa. Na biyu ɗan'uwanmu ne daga tsallaken iyaka, da sefarsa a ƙulle. Yana kallo yana girgiza kai, wai wannan ai faɗa ne, wasan maza shi ne kokawa, a je a ga yadda Issaka Issaka ke ɗaukar takobi. Amma shi ne ke fara tsalle in an yi kisa.

Mai ɗaukar bidiyo ba ya buƙatar dogon bayani. Ya tare wa mutum goma gani, kuma daidai lokacin da naushin ya sauka wayarsa ta cika.

Sabon shiga a wannan sahu shi ne ɗan UFC. Ya kwana a gidan kallo har asuba a watan Agustan 2022, ya ga Leon Edwards ya sa wa Kamaru Usman ƙafa a kai saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, tun daga ranar ya zama malami. Yana bakin fili yana ba da umarni: a kama ƙafa, a shaƙe wuya, a kai shi ƙasa a hau kansa. Aka ce masa a dambe in mutum ya kai ƙasa magana ta ƙare, ya ce shi ya sa ba mu ci gaba ba. Wata rana wani Baguramade ya gaji, ya miƙo masa zare ya ce, "Maigida, bismilla." Nan take ya tuna ya bar babur ba a kulle ba.

Duk da haka ni wanda ya fi burge ni shi ne wanda bai je ba sam. Da safe a teburin mai shayi shi ke ba da labari: turmi nawa aka yi, da wane hannu, haƙori nawa ya zube. Waɗanda suka biya kuɗin ƙofa suna zaune shiru suna tsoma burodi. In ɗayansu ya ce ba haka aka yi ba, sai ya juyo ya tambaye shi a wane ɓangaren fili ya tsaya.