Kowa da Irin Kam Ɗinsa

Bature idan ya ƙoshi, wuta ba ta ɗauke masa ba, famfo bai ƙafe ba, sai zaman duniya ya gundure shi. Maganin da ya samo wa kansa shi ne ya kulle gida, ya loda tanti a mota, ya biya kuɗi a ba shi fili a daji ya kwanta a ƙasa. Ya yi girki da itace, ya ɗebo ruwa a rafi, sauro ya kwana yana yi masa busa a kunne, ranar Litinin ya je ofis yana bugun ƙirji wai ya huta. Wannan shi suke kira zuwa kam. Tun 1907, da Baden-Powell ya kwashi samari kusan 20 zuwa tsibirin Brownsea a Ingila, 'yan sikawut ke koya wa yara wahalar da gangan. Yanzu ma masu hali sun ƙago tanti mai gado da lantarki da banɗaki, wato otal ne dai aka yafa masa zane.

A unguwanninmu ana yin wannan hutun kyauta duk daren da taransifoma ta ƙone, kuma ba wanda ke ɗaukar hoto.

Da kalmar kam ta iso Najeriya sai ta hayayyafa, amma ba ta haifi hutu ko ɗaya ba. Tun da gwamnatin Gowon ta kafa bautar ƙasa a 1973, kam a wurin mai sabon digiri makonni ne na fareti cikin farin gajeren wando, begila na tashinsa tun ladan bai motsa ba, kasuwar mami kuma na lashe ɗan guzurinsa.

Maniyyaci kuwa nasa Hajji Kam ne. An ce masa jirgi gobe, ya yi sallama da dangi, an yafi juna, an sha kuka. Kwana biyar ga shi nan a kan tabarma yana gadin jaka, dambun naman da aka yi masa don Makka ya ƙare a Kano. Komawa gida ɗauko wani kuma da kunya, don maƙwabta sun riga sun fara kiransa Alhaji.

Duk cikinsu na 'yan siyasa ya fi daɗi. Ba tanti, ba sauro, falon maigida ne da shinkafa da kaji. Za ka ji an ce wane ɗan kam ɗin wane ne, ya rantse da kabarin kakansa sai dai mutuwa ta raba su. Ranar da aka fitar da sunayen kwamishinoni bai ji nasa ba, kafin la'asar ya sauya hula, yana gidan rediyo yana bayanin cewa dama magoya bayansa ne suka daɗe suna matsa masa.